Matakalar Inna Shatu

Lurwanu ya zo Makka daga Funtuwa a shekarar 2014 don karatun hadisi. Ya kama ɗaki a unguwar Zahir, a gidan wasu Hausawa da kakansu ya shigo ƙasar tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa. Ɗan gidan, Uzair, sa'ansa ne, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Hausar Uzair ba ta wuce ta cikin gida ba. Ya san "kawo ruwa", ya san "ka ci abinci?", ragowar duk Larabci ne. Yana da wani keke mai ƙatuwar taya da yake jinginewa a bayan ƙofa, kullum sai ya goge shi ko bai hau ba.

A waya suka fara ganin wasan, shi da abokansa shida. Mutane ne a wasu garuruwa masu tsaunuka suke sako keke daga can sama, su bi lunguna da matakalai har ƙasa, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Makka kuwa ba ta rasa duwatsu ba. Akwai wata tsohuwar unguwa a kan dutse inda aka haifi mahaifin Uzair, mota ba ta hawanta, sai matakala da ke murɗawa tsakanin gidaje. Can suke zuwa gwaji. Da sanyi ya shigo a ƙarshen 2016, suka yanke shawarar yin tsere na sosai ranar wata Juma'a da hantsi, da agogo da komai.

Ranar Talata bayan la'asar Uzair ya tsaya a ƙofar ɗakin Lurwanu yana sosa ƙeya.

"Ya ustaz, rakiya nake so," ya ce da Larabci. "Dole mu roƙi mutanen unguwar su rufe ƙofa, su riƙe yara na awa ɗaya. Yawancinsu tsofaffin Hausawa ne. In na yi musu Larabci za su ce na raina su, in na yi Hausa su yi mini dariya. Kai ka iya gaisuwa."

Lurwanu ya dubi littafin da ke buɗe a gabansa. Bai ga abin da ya haɗa ɗalibin hadisi da tseren keke ba, kuma a ransa yana ganin wasan ganganci ne kawai. Amma shekara biyu ke nan yana cin tuwon gidan nan. Ya rufe littafin ya nemi takalmansa.

Hawan ya wahalar da shi. Babu matakala biyu masu tsayi ɗaya. Kowane gida shi ya zuba na ƙofarsa yadda ya ga dama, wani da siminti, wani da dutse. Uzair kuwa ya san su duka. Yana tafe yana nunawa: nan ake matse birkin baya, nan ake miƙewa daga sirdi, nan in ka kalli bango to bangon za ka daka. Lurwanu ya lura ko haki ba ya yi.

Gida goma sha ɗaya suka shiga. Lurwanu ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tambayi iyali da jiki da sanyi, sannan ya kawo magana. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya tsare, wani dattijo ya ce shi ma a kafa masa kujera a kan soro ya gani. Babu wanda ya ƙi.

Gida na sha biyu yana daidai wata kwana mai tsanani. Daga ƙofarsa matakala tara ne a tsaye, sai ɗan fili. Uzair ya raɗa masa cewa nan ne wurin da ya fi kowa, don shi kaɗai ke iya tsallake taran a tashi ɗaya.

Mai gidan tsohuwa ce, Inna Shatu. Suka same ta zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa da yatsu, fuskarta na kallon wani wuri daban. Idanunta sun yi fari. Ta amsa gaisuwar Lurwanu da jin daɗi, ta tambaye shi garinsu, ta ce ita daga Gumel aka kawo ta tana da goyo. Da ya ambaci sunan kakan Uzair sai ta ce, "Jikan Awwalu ne? Matso in ji hannunka." Uzair ya matsa, ta shafa tafinsa ta sake shi.

Lurwanu ya yi mata bayani. Ta saurara har ya gama.

"Rufe ƙofa ba wuya," ta ce. "Ni da ba ni da yaran da zan riƙe. Amma ban yarda a bi ta nan ba."

"Inna, awa ɗaya ce tak."

"Na ji. Ɗan nan, matakalan nan tara mijina Maman ne ya zuba su, Allah ya ji ƙansa. Shekara takwas ke nan ban gan su ba, ƙafata ce ke ganinsu. Da su nake sauka wurin mai gurasa, da su nake zuwa gidan maƙwabta. Makon jiya na sa ƙafa a ta huɗu, na ji bakinta babu. Na zauna daɓas. Allah ya so ni ban gangara ba. Tun ranar ban sake fita ba, don ban san me kuma ya sauya ba."

Ta janye zanenta kaɗan, suka ga idon sawunta a kumbure.

Uzair ya fahimci fiye da rabin maganar. Ya sunkuya kusa da kunnen Lurwanu ya ce da Larabci, a hankali, "Ni ne. Fedata ce ta daki wurin. Kada ka faɗa mata, ka ce za mu sa katako a kai."

Lurwanu ya dubi tsohuwar. Ƙarya ba zai yi ba, kuma ba ya son ya tona asirin wanda ya kawo shi. Yana cikin neman abin faɗa sai tsohuwar ta yi magana, da Larabcin Makka tsantsa, irin na 'yan kasuwa.

"Shekara hamsin da biyu ina garin nan, ya waladi, ɗana. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

Uzair ya sunkuyar da kai. Can ya ce da Hausarsa mai tsami, "Hajja, ki yi haƙuri. Ni na fasa. Ban san ke kina... ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba," ta ce, ta koma Hausa. "Da ka sani da wata magana ce."

Da za su sauka, Uzair ya tsaya a matakala ta huɗu ya tsuguna. Ɓallin bai kai tafin hannu ba. Ya daɗe yana kallonsa. Lurwanu ya tuna sun karanta babin haƙƙin hanya a zangon da ya wuce, har ya ci jarrabawa a kansa.

Washegari Uzair ya hau da rabin buhun siminti a kafaɗa ya gyara wurin. Da ya bushe, Inna Shatu ta fito riƙe da hannun Lurwanu, ta taka, ta sake takawa. Ta ce ya ɗan fi na da tudu, amma za ta saba. Uzair ya zaci yanzu za ta ba su izini. Ba ta bayar ba, shi ma bai sake roƙo ba.

Rigimar sai ta koma wurin abokai. Akwai wani lungu ta bayan gidan, ya fi tsawo, babu tsalle a cikinsa. Hamad, wanda ya fi su zafin kai, ya ce tsohuwa ɗaya ba za ta lalata musu hanya ba, ai titi na kowa ne. Uzair ya ce duk mai son bi ta ƙofarta sai ya je ya gaya mata da bakinsa. Babu wanda ya je.

Ranar Juma'a aka ba Lurwanu usur, aka tsayar da shi a mararrabar lungun, kusa da ƙofar Inna Shatu, don ya nuna sabuwar hanya, ya kuma tare masu wucewa. Inna Shatu ta sa aka fito mata da kujera bakin ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya suke sakowa, da hular kwano, tsakanin kowane biyu minti uku. Kafin a ga mutum sai an ji shi tukuna, ƙarar taya a kan matakala kamar ana zazzage buhun duwatsu, sannan ya ɓullo ya karya kwana ya ɓace.  Lurwanu ya kama kansa yana yi wa kowannensu addu'a a fili.

"Wannan tsoro yake ji," in ji Inna Shatu da na uku ya wuce. "Ji yadda yake ta matse abin."

Da na biyar ya wuce ta ce, "Wannan fa?"

"Jikan Awwalu ne, Inna."

"To. Allah ya sauke shi lafiya."

Hamad ne ya ci. Uzair ya zo na huɗu, ya goge gwiwar hannu a bangon sabon lungun da bai gama sani ba. Lurwanu ya same su a ƙasa suna zaune a gefen titi suna shan ruwa, kowa na ba da labarin inda ya kusa faɗuwa. Hamad, da daɗin nasara, ya ce sabuwar hanyar ma ba laifi. Uzair kuwa yana ta duba sarƙar kekensa.

Sun sake yin tseren sau biyu kafin zafi ya dawo, duk ta bayan gidan. Daga nan aikin hajji ya ɗebe su, uku suka tafi Mina, ɗaya ya sami aiki a Jidda, abin ya watse. Uzair ya ci gaba da hawa dutsen shi kaɗai ranar Juma'a. Wani lokaci Lurwanu yakan bi shi, ya zauna wurin tsohuwar ta yi masa tambayoyi a kan Gumel, garin da shi bai taɓa zuwa ba, yana ba ta amsa da ɗan abin da ya sani.