Burgamin Abdallah

A ƙauyen su Bilal, can gefen Karofane, maharba suna da wata al'ada. In ɗayansu ya rasu, burgaminsa, wato jakar fatar akuya da yake ratayawa, ba a jingine shi. Muddin wani ya rataya shi ya shiga daji ranar farautar gari, to mamacin yana da kasonsa na nama, kuma matarsa ce za ta sa hannu a ciki ta ɗauka. Ranar da aka bar shi a ƙusa, kaso ya yanke ke nan.

Shekara tara Bilal yana rataya burgamin amininsa Abdallah, yana kai wa matar marigayin, Lantana, rabonta. Lantana ba ta da ɗa namiji, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure nesa. Masu dogon baki sun ce tun suna samari Bilal ya fara ganin Lantana, Abdallah ya riga shi kai goro. Wannan kuwa sai a tambayi matan bakin rijiya, su da ba su manta komai.

Bana da damina Bilal ya zame a kan dutse, kafaɗar dama ta goce. A asibitin Buza aka yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, lokotoro ya ce kada ya sake ɗora mata rataye. Ya gwada ta hagu, igiyar ta bi ta wuya ta ja ciwon har cikin kunne. Samarin da za a roƙa kuwa duk sun tafi cin rani, tsofaffin kowa da nasa burgamin. Ga hatsi ya shiga rumbu, saura kwana shida a fita.

Matarsa Kaltuma ce ta ce, "Malam, ka tahi Madawa ka nemo jakar goyo mai hannu biyu, irin ta 'yan lakkal. Sai ka sa burgamin ciki."

"Da hurhurata in goya jaka kamar mai zuwa koyon a da ba?"

"To zauna. Ni dai ba ni za ni gaya ma Lantana ba."

Ranar kasuwa suka shiga mota tare, don ta san in ta bar shi shi kaɗai da taba zai dawo. Ya ɗauko burgamin, ya zuba duwatsu huɗu a ciki, kowanne kamar nauyin zabo.

Mai jakunkunan, wani Mahfuzu, ya tarbe su da fara'a. "Baba, wane sak kake so? Ga na sojoji, ga na matafiya."

Kaltuma ta ture mai launin kayan soja gefe. "Wagga a'a. A zamanin ga, a tare mani tsoho bisa hanya ana tambaya tai wa ya aiko shi?"

Bilal ya juye duwatsunsa cikin wata ja, ya goya, ya taka zuwa rumfar masu albasa ya dawo. Ledarta sai ƙwaras-ƙwaras take yi a kowane taku.

"Wagga tun daga Buza zomo zai ji ta," in ji shi.

Ta biyu igiyoyinta sirara ne, suka nutse masa a nama. Ta uku ta sauko har kan ƙugu tana dukansa. Mahfuzu ya fara kallon duwatsun da ke kurje masa kaya, sannan ya kau da kai saboda girman furfura.

Can ƙasan tulin aka zaro wata mai ruwan ƙasa, ta yadi mai kauri. Hannuwanta faɗin tafi, cike da soso, ga wata ɗamara da ake ɗaurewa a ciki. Da Kaltuma ta ja masa ɗamarar, nauyin ya bar kafaɗa ya sauka a ƙugu. Bilal ya yi tsaye. Ya ɗaga hannun dama a hankali kamar mai jifa da sanda. Tun faɗuwarsa bai ɗaga shi haka da kaya a jiki ba.

"Ita ce," ya ce.

Sai aka zo saka burgami. Fatar ta shekara arba'in tana shan rana da jini, ta bushe ta sandare, bakin jakar kuma ƙarami. Aka juya ta nan, aka juya ta can, ya ƙi shiga.

"A lanƙwasa shi mana, Baba," in ji Mahfuzu, ya kama ya danna. Fatar ta ce ƙas.

Bilal ya riƙe masa hannu. "Sake shi, ɗana. Mai shi ba ya nan balle ya yahe maka."

Ya zauna a kan benci, burgamin a cinya, yana shafa inda ya tsage. Nan gefen ne Abdallah ya ɗinke da jijiya a shekarar fari, ɗinkin karkatacce, don marigayin bai taɓa iya riƙe basilla ba. 

Da ya ɗago sai ya ce a ba shi jakar haka nan. Ya ɗauke ta ya nufi layin dukawa, Mahfuzu na biye don ya ga ƙarshen abin. Ya miƙa wa wani baduku ya ce a farke bayan jakar gaba ɗaya, da hannuwa da soso da ɗamara, a ɗinka a jikin burgami.

"Sabuwa dal za a yanka?" Mahfuzu ya dafa kai.

"Hannuwanta na zo nema."

Ragowar yadin Kaltuma ta naɗe ta sa a kwando. Har yau a ciki take ajiye daddawa.

Ranar farauta maharba suka yi ta dariya. Wani ya ce Bilal ya yi goyon tsufa, saura zane. Bilal ya gyara ɗamararsa. Ya bi karnuka tun hantsi har la'asar cikin duwatsu, bai jefi komai ba, hannun bai kai ba. Amma burgami ya shiga daji, don haka da aka zo rabo a gindin gawo, aka saka a cikinsa zabo guda da cinyar zomo.

Ya yi sallama a ƙofar Lantana. Maimakon ya sauke, sai ya juya mata baya ya durƙusa, don ɗamarar ta ƙi kwancewa. Ta sa hannu ta ciro naman. Sannan ta tsaya tana taɓa sabon ɗinkin, ta gangaro har kan tsohon, karkataccen.

"Ya yi maka nauyi bana, Malam Bilal?"

"A'a," ya ce. "Bana dai bai yi ba."