Kuɗin Ƙarƙashin Faranti

Tun kafin mu hau jirgi Baban yara ya haddace dokar: a ƙasar waje, in ka ci abinci ba ka bar wa mai kawowa ɗan hasafi ba, ka zubar da mutuncin danginka kaf. Abokinsa Sha-yawo ne ya gaya masa, shi kuwa maganar Sha-yawo a wurinsa yankan wuƙa ce.

Bikin yaye ɗiyarmu daga jami'a muka je a can. Ranar da ta fita karɓo rigar bikin, yunwa ta kora mu wani ɗan gidan abinci a bayan masaukinmu, mai tebur shida da tukunyar fure a bakin ƙofa. Wata dattijuwa mai tabarau ce ke kawo abincin. Ba ma jin yarenta, ba ta jin namu, sai muka nuna mata hoton kifi da shinkafa da yatsa.

Muka ci muka yi nak. Baban yara ya biya, sannan ya naɗe wata takardar kuɗi ya tura ƙarƙashin faranti, yana kashe mini ido kamar wanda ya gina masallaci a ɓoye.

Mun kai daidai kantin magani na kan kwana sai muka ji takun gudu. Dattijuwar ce, tana haki, tana ɗaga kuɗin sama.

"Kin gani ko? Ta raina," in ji shi.

Ya zaro wata takardar ya ɗora mata. Ta girgiza kai ta turo masa duka biyun. Ya ce lallai mutanen nan idonsu a buɗe yake, ya ƙara ta uku, ya cusa su a aljihun rigar aikinta, ya fizgi hannuna. Mutumin da a gida sai na miƙo masa rimot saboda ciwon gwiwa, ranar na ga ya tsallaka titi kamar zomo. Ni ce a baya da takalmi mai tsini, ina ja masa Allah ya isa a zuci.

Da na waiwaya, sun zama biyu. Kukun gidan ya biyo ta, wani ƙato mai farar hula, da ludayi a hannu. A inda ake jiran bas numfashin Baban yara ya ƙare. Ya jingina da ƙarfe, ya fara kwance agogonsa, yana cewa in ba su kawai, rai ya fi dukiya.

Mutane sun fara taruwa, sai na kira ɗiyarmu na miƙa wa dattijuwar wayar. Suka daɗe suna magana. Da wayar ta dawo hannuna, yarinyar nan dariya take har da tari. Wai a garin ba a karɓar irin wannan kyauta, albashi ne haƙƙin masu aikin. Da farko matar ta ɗauka mantuwa muka yi. Da ta ga yana ta ƙaro kuɗi yana gudu, sai ta zaci tsufa ne ya taɓa masa kai, shi ya sa ta kira kuku, ko da zai faɗi a samu mai ɗaukarsa.

"Mama, tana tambaya ko yana da maganin da yake sha."

Na faɗa masa kalma da kalma, ban rage komai ba. Ya mayar da agogonsa, ya karɓi kuɗinsa, ya ce shi dama gwada su yake yi.

Sauran kwanakin a gidan abincin nan muka riƙa cin abincin rana, don kifinsu ya yi mini. Kullum in mun miƙe, dattijuwar sai ta tsayar da mu da hannu, ta ɗaga farantinsa ta leƙa, ta ɗaga kofin ma, sannan ta buɗe mana ƙofa.