Sunan Mu'mina a Bango

Haruffan katakon nan na gaje su ne daga wani kamfanin fata da ya mutu tun kafin rikici. Baƙaƙe ne masu kauri, ba lanƙwasa ba ado, an sassaƙa su don rubuta HATSARI a jikin tukunyar inji. Matata Kaltum, Allah Ya jiƙanta, takan ce haruffan kamar ni suke: ba fara'a, amma ana ganinsu daga nesa. Tun da ta rasu ban taɓa su ba. Masu kwamfuta sun kwashe aikin unguwarmu Gamboru, ni kuma na zauna a shagon ɗab'ina ina karanta littattafan da ba mai tambayarsu.

Shekarar da mutanen Konduga suka cika gari, wata dattijuwa mai suna Mu'mina ta shigo. A hanyar gudu ta rabu da mijinta, wata biyar ke nan. Tana son takardar cigiya, da rubutu mai kyau irin na katin biki.

Na ce, "Yaya, katin biki a hannu ake karanta shi. Mijinki yana gani sosai?"

"Tabaransa yana wurina," ta ce, ta ciro shi daga bakin lafayarta.

Sai na jawo akwatin haruffan, na hure ƙura. "Sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam ne."

"Rabin garin nan malamai ne, shi ya sa muka kai haka. Sunansa na yanka."

Shekara arba'in da aure ba ta taɓa furta shi ba, kuma ba ta iya rubutu ba. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na tuna Kaltum ta shiga kabari ba ta kira ni Taufiq ko sau ɗaya ba.

Na ce, "To bar shi. Shi dai ya san naki."

Na jera haruffan, kowanne tsawon tafin hannu: MU'MINA TA KONDUGA TANA RAYE. A ƙasa na sa adireshin shagona. Na buga guda sittin, muka manna a tashoshin mota da bangon sansanonin gudun hijira, daidai inda idon mai keke napep zai faɗa.

Bayan sati uku wani tsoho ya laluba ƙofata, da yagaggiyar takarda a hannu. Ya ce sunansa Babakura. Daga tsallaken titi ya karanta, shi da ba ya gane fuskar mutum a taku biyar.

Na aika unguwar Jiddari Polo, inda Mu'mina ta sauka, aka kirawo ta. Ta goge tabaran da gefen lafayarta, ta miƙa masa.

Da suka tafi na wanke haruffan da kananzir. Guda shida, na sunan Kaltum, ban mayar da su akwati ba. Suna kan teburina a jere, inda nake ganinsu ko na cire nawa tabaran.