Furen Ta'aziyyar Mahaifiyar Pyo

Shekara biyu ina ɗauke da maganar nan a ciki ban faɗa wa kowa ba, kuma har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Mu biyar ne a ɗan kamfaninmu na birnin Daejeon, aikinmu shafin sanarwar rasuwa. Iyalan mamaci su tura wa mutane ta waya, kowa ya buɗe ya ga inda ake zaman makoki da lokacin jana'iza, ya rubuta gaisuwarsa a wani akwati a ƙasa. Babbanmu Pyo Gwang-ryeol shi ya gina akwatin. Mutum ne mai taushin zuciya da taurin kai. Ya ce ba zai yiwu a yi ta'aziyya ba a ajiye farin fure ba, don haka ya bar akwatin yana karɓar duk abin da aka zuba masa, har da umarnin kwamfuta da ke sa hoton fure ya fito.

Tun satina na farko na ga ɓarakar. Akwatin da ke karɓar umarnin fure zai karɓi na mugu, wayar duk wanda ya buɗe shafin kuwa za ta bi umarnin ba musu. Amma wa ya isa? Ya girme ni da shekara ashirin, shi ya ɗauke ni aiki, ko shayi zai zuba min da hannu biyu nake riƙe kofin don girmamawa. Na ja bakina na yi shiru.

Sai ga shi mahaifiyarsa ta rasu wata ranar Talata, ya sa sanarwar a shafinmu.

Washegari da hantsi, rana ta biyu ta makoki wadda jama'a suka fi zuwa, ni da abokin aikina Bong Tae-ik muka je gaisuwa. Tirƙashi! Zauren wayam. Tebura a jere, miyar naman shanu mai yaji tana hucewa a kwanuka, takalman da ke bakin ƙofa ba su kai goma ba. Pyo na tsaye kusa da hoton tsohuwar cikin baƙar kwat, da ƙyallen makoki a damtse, yana ta leƙen ƙofa.

"Eun-sol, kun zo," ya ce da ni. "Ina jin hanya ce ta cushe."

Wace hanya? Tae-ik ya ja ni gefe ya miƙo min wayarsa. Ina buɗe sanarwar, kafin in ga sunan marigayiya sai wayar ta wurga ni wani shafin caca mai walƙiya da kiɗa. Wani ɗan banza ne ya rubuta umarni a akwatin gaisuwa tun jiya da yamma. 'Yan'uwa kuma sun bi juna da saƙo: kar wanda ya taɓa, 'yan damfara ne, tsohuwa ma wataƙila tana nan da ranta.

"Je ki faɗa masa," in ji Tae-ik.

"Kai bakinka ciwo yake?"

"Ni ina da 'ya'ya biyu. Ke ce gwanar aikin."

"Matsoraci kawai."

Na zauna a ƙarshen wani tebur, na ture kwanukan, na buɗe kwamfutata. Na toshe akwatin yadda ya kamata tun farko: haruffa, lambobi da alamomin rubutu kaɗan, da iyakar tsawo, sauran duk ya ƙi karɓa. Abin da ya riga ya shiga kuma na sa ya fito a matsayin rubutu zalla. Umarnin mugun ya bayyana tsirara a tsakiyar gaisuwa, na goge shi. Amma furanni ma duk sun ɓace, har da na Pyo da ya fara ajiyewa. Wannan ya sosa min rai. Na ƙara minti ashirin na yi maɓalli guda, in ka danna, fure ɗaya daga wajenmu ya fito, ba wanda zai sake kawo nasa daga waje.

Saura mutane. Ba mai sake buɗe saƙon da aka ce na damfara ne. Ƙanwar Pyo ta ba mu wayar marigayiya, ni da Tae-ik muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa a garin Gongju ta zage ni tas, ta ce ɓarauniya ce ni, sai da na haɗa ta da ƙanwar ta ji muryarta, sannan ta fashe da kuka.

Wajen ƙarfe huɗu takalma suka fara cika bakin ƙofa. Ba duka suka zo ba. Ƙawayen tsohuwar na tsibirin da aka haife ta jirgin ruwan ranar ya wuce su, jana'iza kuma gobe da sassafe.

Da aka ɗan lafa na je gaban Pyo na rusuna. Na faɗa masa abin da ya faru, sannan na faɗi mai wuyar.

"Yallaɓai, na ga ɓarakar nan tun shekara biyu. Kunyarka ta hana ni magana."

Ya juya ya kalli hoton mahaifiyarsa. Na so ya yi min tsawa, da na fi samun sauƙi.

"Ko da kin faɗa, da ban saurare ki ba," ya ce a hankali. "Na san halina."

Ya sa hannu a tulun da ke gefen hoton ya zaro farin fure ɗaya ya miƙo min, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Tun safe kina nan ba ki gaishe ta ba. Je ki ajiye mata."