Sandar Ermete

An sa wa sandar zarto, kuma bakin Gualtiero ne ya jawo.

Shekara talatin Gualtiero yana gyaran teburan wasan sinuka a garin Codigoro. Duk wanda ya sayi tsohuwar sandar buga sinuka, wurinsa yake kawowa ya duba masa. Shi kuwa abu ɗaya ya hana shi sakat: sanda daga hannun marigayi Ermete, kafintan da bai ƙera sanduna fiye da arba'in ba ya mutu. Ya bi kasuwannin gwanjo har Ferrara da Ravenna, ko ƙyallinta bai gani ba.

Ranar Lahadi da la'asar sai ga Osvaldo mai burodi ya shigo shagon kofi na Nives, da sanda a naɗe cikin jarida. Mutumin da ko riƙon sanda bai iya ba, yana buga ƙwallo kamar mai zura burodi a tanderu.

"Farfesa, duba min wannan," in ji Osvaldo, yana miƙa wa Gualtiero. "Yuro ashirin na ba wata tsohuwa a gwanjo."

Gualtiero ya mirgina ta a kan teburin sinukar shagon. Ta tafi sumul, babu ɗingishi. Ya ɗora ta a yatsa ɗaya, ya ji inda nauyin ya zauna. Sannan ya matsa jikin taga, ya ɓamɓare robar gindinta da farce. Ɗigo uku na ƙuna, da ƙusa mai zafi aka yi su. Ermete ba ya rubuta suna, wannan ce shaidarsa.

Gualtiero ya ɗago kai. Ya dubi hannun Osvaldo, fulawa daskare a ƙarƙashin farce. A ce wannan ƙaton ne ya tsince ta, yana kan hanyar sayen tumatir?

Ya mayar da robar. "Jabu ce. Ta kamfani. An shafa mata man takalmi don ta yi kama da tsohuwa."

"Haba, Farfesa."

"Tsohuwar ta cuce ka, kawai."

Aka yi ta yi wa Osvaldo dariya, shi ma ya taya su. Gualtiero ya ƙulla a ransa zai bari a kwana uku, ya je gidan burodi ya ce yana son katakon don gyara, ya karɓe ta a banza.

To, a shagon Nives akwai ginshiƙi dab da kusurwar tebur. Duk wanda ƙwallo ta kai shi wajen, doguwar sanda ba ta shiga, sai ya ɗauki guntuwa. Guntuwar shagon ta karye tun watan jiya. Osvaldo kuwa yana son a yaba masa. Ya kai sandar bayan tanderu, ya datse kamu biyu daga gindi, ya kawo wa Nives kyauta.

Ran Laraba Gualtiero ya gan ta a jingine da ginshiƙin. Ya juya wurin Osvaldo.

"Ina guntun da ka yanke?"

"Ya shiga wuta," in ji Osvaldo. "Ka ci burodin jiya? Da shi aka gasa."

Mako biyu Gualtiero yana zaune yana kallon masunta suna jan ta a ƙasa. Wani har sosa baya ya yi da ita. Wata safiya, babu kowa a shagon, ya je wurin Nives.

"Sayar min da guntuwar nan."

"Jabun?"

"Katakon nake so."

Ta ci gaba da goge kofi, tana kallonsa ta saman tabarau. "Kai da ko ashana sai ka taya? Ɗari uku."

Ta faɗa ne don ta ji abin da zai ce. Bai taya ba. Ya ajiye mata Yuro ɗari uku a kan kanta, ya fita da rabin sanda, wadda babu sauran wata shaida a jikinta.