Hurumin Bayan Gari

Malam Zulkifilu yana koyar da Larabci a Daura. Da farkon damina ya je ƙauyensu kusa da garin Babban Mutum, ya tarar yayansa Audi ya kewaye hurumin bayan gari da ƙaya, ya shuka gero. Nan ne awakin gari ke kiwo tun zamanin kakanni.

"Yaya, wa ya ba ka wurin nan?"

"Hurumi ne fa," in ji Audi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ba na kowa ba ne."

Ran Zulkifilu ya ɓaci. "Ka san asalin kalmar? Ha, ra, mim. Tushenta ɗaya da haram. Daga nan aka sami Haramin Makka, inda ko ciyawa ba a tugewa. Daga nan aka sami muharrama, kamar Inna a wurinka. Duk abin da aka tsare ne, aka ce kada a taɓa!"

"Kai wa ɗalibanka wannan. Ni iyali gare ni."

Zulkifilu ya shiga janye ƙayar da hannu har ta tsage masa tafi. Audi ya ci kwalarsa, sai da maƙwabta suka raba su.

Mai gari ya yanke cewa Audi ya girbe na bana, baɗi a bar wa awaki. Zulkifilu ya koma Daura bai ci tuwon gidan ba. Har kaka Audi ba ya ɗaukar wayarsa.