Wuƙar da Orval Ya Bari a Buɗe

Verna na ƙoƙarin ɗura wa Orval cokalin romon kaza a baki sai ta ji an sake jan durowa a falo, ƙarafa suna ƙara.

"Harlan ne?" Orval ya tambaya, numfashinsa na fita da ƙyar. Ƙurar ramin kwal ta gama cinye masa huhu.

"Shi ne, da ɗan ƙanwarka Denzil. Wai sun zo duba jikinka."

Duba jiki! Tunda suka shigo ko leƙa ɗakin ba su yi ba. Verna ta yi tsaki. Ita fa maƙwabciya ce kawai, shingen waya ne tsakanin gidajensu, amma tun da ciwon ya kwantar da tsohon ita ke juya shi, ita ke zubar da fo. Denzil kuwa sai shekaranjiya ya sauka daga birni da mota mai ƙyalli da kwalaye babu komai a ciki.

Ta fito falo da kwanon. Sun zazzage wuƙaƙen aljihun da Orval ya yi rayuwarsa yana tarawa a kan teburin cin abinci, dab da burodin masarar da ta gasa. Harlan, wanda suka tsufa tare da Orval suna musayar wuƙa a bencin gaban kotu kowace Asabar, ya kafa gilashin dubawa a ido yana karanta tambarin da ke gindin ruwan wata wuƙa. Kuncinsa cike da taba. Ya tofar da baƙin yawu cikin kofin shayin marigayiya Opal, matar Orval.

"Wannan jabu ce," ya ce. "Dubi ƙotar, roba ce aka yi wa zanen ƙashi. Waccan an sake mata ruwa. Duk tarkace ne, yaro. Ina babbar?"

"Wace babbar?"

"Ta ubansa. Mai ƙotar ƙashi ja, ruwa biyu. Masana'antar da ta ƙera ta ta ƙone tun kafin a haife ni, tambarin nan nasu ban taɓa ganinsa a hannun kowa ba sai shi. In ka samo ta, zan saye ta, in kwashe sauran duka."

"Harlan Combs," Verna ta ce, "mutumin bai mutu ba tukuna. Kuma kofin Opal ne kake tofa ƙazantarka a ciki."

"Opal ba ta shan shayi yanzu, Verna."

Ta juya ta koma ɗaki.

Orval ya ji komai, bangon katako ne. Ya yafito ta da yatsa. Hannunsa na ƙarƙashin bargo, da ya zaro shi sai ga wuƙar, ƙotar ta yi santsi don riƙo.

"Da ita za a binne ni," ya ce. "A aljihun dama. Tunda na sa wando ban taɓa fita babu wuƙa ba, ba zan je gaban Ubangiji tsirara ba."

"Ka gaya wa Denzil mana."

"Na gaya masa. Ya ce to, yana kallon aljihuna."

Sai ya sa farcen babban yatsa a tsagar ruwan. Farcen ya zame. Ya sake, gumi ya keto masa, ƙirjinsa na kuka. Verna ta miƙa hannu za ta taimaka, ya harare ta. A hankali ruwan ya ɗago, ya miƙe, ya ce ƙwas. Ya miƙo mata ta ƙota.

"Riƙe mini. Ni na buɗe."

Ta gane nan take. A duwatsun nan na jihar Kentucky ko yaro ya san ba a rufe wuƙar da wani ya buɗe. Yadda aka miƙo maka haka kake mayarwa, mai ita ya rufe abarsa, in ba haka ba ka jawo wa kanka tsiya da duk wanda wuƙar ta faɗa hannunsa. Tsohon ya yi wani ɗan murmushin mugunta, irin wanda yake yi in ya cuci wani a musaya. Ta ɗora wuƙar a kan taga.

La'asar na yi ya cika, Verna na riƙe da hannunsa.

Ba ta gama rufe masa ido ba suka shigo. Denzil ya cire hula ya ce, "Allah sarki Kawu," hannunsa ɗaya kuwa tuni ya shige ƙarƙashin matashin kai yana lalube. Kan mamacin ya gangara gefe. Harlan ya ɗauki wandon da ke rataye a kujera yana matsa aljihu.

"Ga ta can!" Denzil ya yi tsalle ya nufi taga.

Harlan ya matso, ya sunkuya da gilashinsa ba tare da ya taɓa ba. Bakinsa ya saki, har ruwan taba ya gangaro masa a haɓa. "Ita ce. Wallahi ita ce. Dubi harafin nan mai wutsiya." Sai ya ɗago. "Wa ya buɗe ta?"

"Shi," Verna ta ce. "Da hannunsa. Ni ya miƙa wa."

"To mene ne?" Denzil ya ce. "Sai in rufe."

"Kul!" Harlan ya ja baya har ya bugi gado. "Ka rufe wuƙar da mamaci ya buɗe? Ko kyauta ka ba ni ba na so. Kuma babu mai karɓarta a duk bencin kotu."

"Wa zai sani? Camfin banza!"

"Ni zan faɗa," Verna ta ce. "Ranar Asabar da kaina zan je bencin, in faɗa, in kuma faɗi inda hannunka yake yanzu-yanzu."

Denzil ya dubi Harlan, Harlan ya dubi gawar. "Tsohon mugu," ya ce a hankali. "Har ka mutu sai da ka ci ni." Ya sa hularsa ya fita. Denzil ya bi shi yana tambayar ko har yanzu yana son sauran.

Verna ta gyara kan Orval a matashi, ta nannaɗe wuƙar a buɗe cikin tawul, ta tafi da ita gida. Kofin Opal kuwa sai da ta wanke shi da tafasasshen ruwa har hannunta ya yi ja.

Ranar jana'iza ta riga kowa zuwa coci. Orval na kwance cikin akwatin gawa a buɗe, an sa masa baƙar kwat, an taje masa gashi ta gefen da bai taɓa tajewa ba. Ta warware tawul ɗin, ta ɗago hannunsa na dama mai sanyi da tauri, ta kwantar da ƙotar a tafinsa. Ta ɗora babban yatsansa a bayan ruwan, ta sa nata a kan nasa, ta danna.

Ƙwas.

Ta zura ta a aljihun dama, ta shafa wandon ya kwanta, sannan ta nemi benci ta zauna, tawul ɗin a cinyarta.